Albasar da Na Kawo Daga Kanada

Tun ranar da na sauke akwatina a Alabar, unguwarmu a Kumasi, ban huta ba. In na zauna teburin shayin Bawa a Reskos, kafin a zuba mini madara an kewaye ni. Siyaka, da gaske ne ruwa kan zama dutse a can? Siyaka, su ma suna da sauro? Wanda ya fi damuna shi ne Alhaji Mumuni, da ya bi gari yana cewa na je ƙasar Turawa na dawo da albasa ƙwaya ɗaya tal, ita ce tsarabata. To, bai yi ƙarya ba. Albasa na kawo, kuma ba na jin kunyar haka. Amma na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa guntun ya ƙara masa gishiri. Gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Duk wanda ya daɗe a Zongon Kumasi ya san Fada Dogo, Baturen nan limamin Kiristoci mai farar riga har ƙasa, wanda kan bi lungu-lungu da jakar magani. Sunansa na gaskiya Arman, mutumin Kanada ne. Ya haura shekara arba'in a ƙasar nan, yawanci a arewa, daga baya aka dawo da shi Kumasi ya kula da 'yan arewa masu bin addininsu, leburori da masu gadi, waɗanda ba abin da ya haɗa bakinsu sai Hausa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hausa ta zauna masa daram, irin tamu ta Zongo wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, goro kuwa ya ci har haƙoransa suka rine. Ni direbansa ne shekara da shekaru. Bai taɓa ce mini in shiga cocinsa ba, ni ma ban taɓa tsokanarsa da zancen musulunta ba. In lokacin salla ya riske mu a hanya, shi ne kan taɓa kafaɗata ya ce, "Siyaka, tsai da mota, rana ya yi."

Da daminar bara ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya farfaɗo sai aka ga ikon Allah. Faransancin da ya sha a nono ya ɓace, Ingilishi ya ɓace, ba abin da ya rage a bakinsa sai Hausa. In an yi masa Faransanci, wani lokaci ya gane, wani lokaci ya tsura wa mutum ido, amma in ya buɗe baki zai amsa, Hausa ce ke fitowa. Likita ya ce akan yi haka. Manyansu suka yanke shawarar a mai da shi garinsu, inda yake da ƙanwa guda, ita kaɗai ta rage masa cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. To da wane baki zai yi magana da ita? Sai aka tuna da ni, saboda kafin in kama aikinsa na yi shekaru ina jan lori zuwa Wagadugu da Yamai, na tsinci Faransancin tasha. Aka ce in raka shi in zama bakinsa na ɗan lokaci, ko Allah zai sa in ya shaƙi iskar garinsu harshensa ya dawo. In bai dawo ba har ranar komowata, zai zauna cikin danginsa kamar bebe har mutuwa ta zo. Wannan tunanin ne na ɗauko tun daga Kumasi, ya fi akwatina nauyi.

Mun tashi bayan ƙaramar salla, sallar da ba wanda ya ji daɗinta, domin lokacin ne aka kafa dokar nan ta korar baƙi. Ni na tsira saboda uwata 'yar Salaga ce. Ƙanen babana kuwa, wanda ya zo daga Dogon Dutsi tun ba a haife ni ba, ya sayar da keken ɗinkinsa ya hau lori. Da muka biyo ta Reskos za mu kama hanyar Ankara, babban birnin ƙasar, sai ga mutane jibge da tabarmi da tukwane suna jiran mota. Fada ya leƙa ta taga ya ce, "Ina za su?"

Na ce, "Gida, Fada."

Ya ce, "Gida ina? Ai nan ne gida."

Shi ma kuwa irin wannan gidan za a kai shi.

Zancen jirgin sama ba zan ja shi ba. Na rufe ido da ya tashi, na rufe ido da ya sauka, a tsakani kuwa aka ba mu abinci a wasu 'yan kwanoni da ko kyanwa ba za su ƙosar ba. Mun sauka Landan, mun sake wani jirgin, muka tsallake teku zuwa wani babban birni da ake kira Monriyal. A nan ne na fara aikina. Ma'aikacin shige da fice, wani saurayi mai jan kunne, ya buɗe fasfon Fada ya ga ɗan ƙasa ne, ya yi masa maraba da Faransanci, ya tambaye shi ina za shi. Fada ya dube shi ya ce, "Zan je gaida ƙanena."

Saurayin ya dubi fasfo, ya dubi Fada, ya dube ni. Na matsa na fassara. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zo ya ga abin mamaki: ga Bature ɗan ƙasa, ga baƙin mutum daga Afirka yana yi masa tafinta a ƙofar garinsu. Da suka buɗe akwatina kuma suka tarar da goro a naɗe cikin ganye, sai sabuwar shari'a ta tashi. Na ce abinci ne, ba su yarda ba. Fada ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗauki ɗaya, ya ɓare ya jefa baki, ya miƙa wa saurayin ɓari. Da bawan Allah ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya ce in har akwai wanda zai ci wannan abu da son ransa, to ya wuce da shi, ba zai cuci kowa ba sai kansa.

Da muka fita waje na gane duk abin da aka faɗa mini game da sanyi wasa ne. Gani ya kori ji. Numfashi kake yi ka ga hayaƙi na fita daga bakinka, gashin hancinka ya ƙame. Aka sauke mu a gidan tsofaffin fadoji, suka karɓe mu hannu bibbiyu, suka ba ni wata riga mai nauyin buhun masara wadda wani marigayi ya bari. Miyarsu ta wake ce mai kauri, ƙamshi kamar me, amma da na leƙa tukunya na ga ƙashin alade kwance a ciki, sai na koma wa burodi da man shanu da shayi. Wani abu da ya ɗaure mini kai shi ne, duk wanda na ce masa na gode, sai ya ce mini barka da zuwa. Mai ba ni shayi ya yi mini barka da zuwa da safe, ya yi da rana, ya yi da yamma. Na ce a raina, mutanen nan ko mantuwa ce ke damunsu? Ashe haka suke amsa godiya a nasu Faransancin.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa yamma, muka yi ta tafiya har na fara zaton direban ya manta inda za shi. Daji, tafki, daji, sannan ƙasa ta baje fari fat ba tudu ba bishiya. Mai kula da ɗakinmu baƙin mutum ne kamar ni, dattijo mai furfura, kakanninsa aka kai can tun zamanin bauta. Da ya ji daga Afirka nake sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Shi ya riƙa taya ni ɗaga Fada, shi ya nemo mini kifi a wurin masu dafa abinci, kuma da ya ga ina neman alƙibla, ya kawo taswira muka duƙufa a kai kamar masu rabon gado. Da za mu sauka ya naɗa mini gyalensa a wuya ya ce, ƙasar da zan shiga ba ta san ɗan Afirka ba, kada in bar ta ta ci kunnuwana.

Ɗan ƙanwar Fada, wani ƙaton manomi mai suna Rene, shi ya tarye mu da motar ɗaukar kaya. Ƙauyen nasu sunan wani waliyyinsu aka sa masa, wanda har na baro ban iya faɗinsa daidai ba. Gidaje ne jere a bakin hanya ɗaya, kusa da juna, coci a tsakiya da doguwar hasumiya. Gonakin kuwa sirara ne dogaye, kowace ta miƙe daga bayan gidan mai ita har iyakar gani. Na tambayi Rene dalili. Ya ce kakanninsu ne suka yanka su haka, don kada gona ta raba mutum da maƙwabcinsa, in ka yi kira a ji ka. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai.

Madam Odil, ƙanwar Fada, tana tsaye a bakin ƙofa. 'Yar gajeriyar tsohuwa ce, busasshiya, mai kaifin ido, irin matan nan da in suka shigo ɗaki yara kan gyara zama. Ta rungume shi tana kuka tana zuba masa magana. Fada ya shafa kanta ya ce, "Sannu, Odil. Ka tsufa."

Ta ja da baya. Na matsa zan fassara, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Ba kai na tambaya ba, Misye," wato malam da Faransanci. Ta sake yi masa magana a hankali, kalma-kalma, kamar mai lallashin yaro. Fada ya motsa baki, ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, abin da ya fito shi ne, "Na gaji." Ta juya ta shige ciki. An gaya mata tun kafin mu zo, amma ji daban, gani daban.

Kada ku ɗauka muguwa ce. A ranar ta tambaye ni abin da addinina ya hana, washegari ta fito da sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare, ta ce wannan tawa ce, alade ba zai kusance ta ba. Ta sa Rene ya kai ni akurki in yanka kaza da hannuna. Da na bar butata a waje na dawo na tarar ta zama dutse, har ta tsage, ita ce ta ba ni tulun shayinta, kuma kullum kafin in tashi na tarar da shi a kan murhu da ruwan ɗumi. Amma Hausa ba ta son jin ta. In ni da Fada muka fara hira a teburin abinci, sai ta tashi ta kama wanke kwanon da ba shi da datti.

Dalilin ya fito ranar da ta kai ni ganin cocinsu. Ta ce iyayensu daga gabas suka zo, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gida ɗaya 'ya'ya goma sha wani abu, gona kuwa ba ta ƙaruwa. Wani limaminsu ya tara gidaje ya zama madugu, suka hau jirgin ƙasa har inda layin dogo ya ƙare, suka ci gaba da keken shanu. Sanyin farko a cikin ramuka suka yi shi, an rufa da ciyawa da ƙasa. Ibadarsu ta farko a ɗakin babanta aka yi, aka ciro ƙyauren ƙofa aka ɗora a kan ganguna biyu ya zama teburin limami. Kafin kowa ya gina wa kansa gidan kirki sai da suka yi gayya suka gina coci da gungumen itace. Gobara ta cinye ta, suka sake yin gayya. Ta nuna mini bencin gidansu, inda babanta ya zauna har ya mutu, ta nuna mini maƙabarta a bayan coci, sunaye iri ɗaya da na gidajen da ke bakin hanya.

Ina jin ta ina tuna tsofaffinmu. Na ce, "Madam, ai wannan zango ne." Ta ce mene ne zango? Na ce wurin da ayari kan sauke kaya don a kwana a wuce, sai kwana ya zama shekara, a gina masallaci, a haifi 'ya'ya, a binne iyaye, shi ke nan an zama 'yan gari. Haka kakanninmu suka yi a Kumasi da fataucin goro. Na ga kamar abin ya ɗan shige ta. Sannan ta kai ni wani tsohon ɗakin makaranta. Ta ce tana budurwa hukuma ta hana koyar da yara da Faransanci. Su kuwa ba su daina ba. In an hango mai duba makarantu tafe, sai littattafai su shige ƙarƙashin riguna, a ɗauko na Ingilishi, in ya juya baya a ci gaba. Ita kanta ta koyar a ɗakin nan har gashinta ya yi fari.

Ta kira sunana yadda suke faɗinsa a can ta ce, "Mun riƙe harshen nan da haƙori, Misye Izak. Wana shi ne ɗan fari da aka haifa a garin nan, shi ne na farko da ya zama limami. Ya tafi da harshen uwarmu ya yar a ƙasarku, ya dawo mini da naku."

Gaskiya maganar ta sosa mini rai, amma ban ga laifinta ba. Na ga mutanen da suka san darajar abin da iyaye suka bar musu, har na ji kunyar yadda 'ya'yanmu ke cakuɗa Hausa da Tuwi, yaren mutanen Kumasi, da Ingilishi ba mai tsawata musu.

Kirsimeti ta zo ta wuce, harshe bai dawo ba. An kai Fada coci a keken guragu, aka yi waƙoƙin da ya sani tun yana yaro, leɓɓansa na motsi amma ba sauti. Mutane suka yi ta zuwa gaishe shi, yana ce musu, "Lafiya lau, yaya yara?" Su yi murmushi su sunkuyar da kai su fita. Ranar komawata tana matsowa. Wata rana ina yi masa aski ya kama hannuna ya ce, "Siyaka, in ka tafi, wa zai ji ni?" Na ce Allah na nan. Amma na fita waje na tsaya cikin sanyin nan don kada ya ga idona.

Ana saura 'yan kwanaki shekara ta ƙare, Rene ya ba ni labarin wata al'adarsu. Ranar sabuwar shekara da safe, kafin a ci komai, duk 'yan gida kan taru su durƙusa gaban babban gida, ɗaya ya roƙe shi ya sa musu albarka, shi kuma ya ɗora musu hannu. Tun da babansu ya rasu ba a sake yi a gidan ba, domin Madam Odil ta ce hakkin wanta ne, ba mai karɓar masa, ko mijinta lokacin da yake raye. Shekara da shekaru tana jiran ya dawo. Yanzu ga shi ya dawo, ta ce ba za ta durƙusa a sa mata albarka ta bakin tafinta ba.

Na same ta a madafa na ce, "Madam, in ba kya son bakina a tsakani, ki roƙe shi da harshen da yake ji." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in na gama shayina in ajiye kofin a can.

Wanda ya karya ta wani tsoho ne mai suna Batis, mai kaɗa ƙararrawar coci. Ƙararrawar nan ma abin kallo ce, domin an yi mata wankan baftisma an raɗa mata suna kamar jaririya, in tana kaɗawa sai su ce wance na kira. Batis ba Bature ba ne sosai, uwarsa daga mutanen da aka tarar a ƙasar take. Mun saba da shi saboda shi kaɗai ne a garin ya ci goro ya nemi ƙari. Yakan ce mini, labarin da Madam ke bayarwa gaskiya ne, sai dai ta kan manta wanda ya nuna wa baƙin inda ruwa yake da irin itacen da ba ya ruɓewa. Ranar nan ya shigo jin ɗumi, ya tarar ana zancen. Ya daɗe yana tauna goronsa, sannan ya ce, "Odil, ke ba a haife ki ba lokacin. Da uwarki za ta haifi Arman a cikin ramin nan, ba likita ba ungozoma sai uwata. Uwata ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Uwarki ce ta koyi yadda ake cewa taimake ni da harshenmu, kuma ba ta mutu ba don ta faɗa. Maganar farko da ta shiga kunnen wanki ba Faransanci ba ce."

Batis ya sa hularsa ya fita.

Washegari da hantsi ta kira ni madafa. Tana yanka albasa don wani abincin bikinsu, nama a cikin ɓawon fulawa, ta yi mini nawa daban da naman kaza. Ba ta dube ni ba ta ce, "Yaya ake kiran babban wa da harshenku?" Na ce Yaya. Ta ce, "In ce masa ya sa mini albarka fa?" Na faɗa mata. Ta maimaita, na gyara, ta maimaita. Malamar makaranta ce, ba ta son kuskure, sai ta yi ta tambayar sunan duk abin da ke gabanta: wuƙa, gishiri, tukunya. Ta ɗaga abin da take yankawa, na ce albasa. Hawaye na zuba a fuskarta, ta ce yajin abin ne, ni kuwa na ce haka ne, Madam.

Ranar sabuwar shekara gida ya cika, 'ya'ya da jikoki kowa da kayan ado. Aka zaunar da Fada a kujerar babansu kusa da murhu. Ni na koma bakin ƙofa na tsaya. Tsohuwar nan ta dafa kafaɗar Rene ta durƙusa da ƙyar, duk ɗakin suka durƙusa a bayanta. Ta ɗaga kai ta ce da Hausa, "Yaya, ka sa mini albasa."

Na ciji leɓena don kada dariya ta kuɓuce mini, har na ji gishirin jini. Fada ya tsura mata ido. Sai na ga kafaɗarsa ta fara girgiza. Mutumin da tun da ciwo ya buge shi ban ga haƙoransa ba, sai ga shi yana dariya har da tari, hawaye na bin gemunsa. Madam ta waiwayo ta dube ni a tsorace. Fada ya ɗaga yatsa ya ce, "Albarka, Odil. Al-bar-ka." Sannan ya ƙara wasu kalmomi biyu da ba Hausa ba ne. Daga baya Rene ya gaya mini sunan tsokana ne da yake kiranta da shi suna yara, ma'anarsa 'yar mai taurin kai, kuma ba wanda ya kira ta haka tun da ya bar gida.

Kada in yi muku ƙarya, Faransancin bai dawo ba. Kalmomin nan biyu ne kawai suka fito, ƙofar ta sake rufewa. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta, ya yi addu'ar da Hausa, irin wadda kowane tsoho kan yi a Alabar. Allah ya yi maka albarka, Allah ya raya zuriya, Allah ya ba da haƙurin zama da juna, Allah ya sa mu gama lafiya. Na taka zan matso in fassara, Batis ya riƙe mini riga. Duk inda Fada ya ja numfashi, sai ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin, domin kalmar tasu da tamu kusan ɗaya ce. Na ga ba a buƙatata, sai ni ma na shafa tare da su.

Sauran kwanakin da na yi, makaranta muka buɗe a madafa. Ta koyi ruwa, ta koyi zafi da sanyi, ta koyi ina ke ciwo, ta koyi sai da safe. Jikoki ma suka shiga, har wani ƙaramin ya iya cewa ba ni goro. Ita ke yi masa magana da Faransanci gauraye da 'yar Hausarta, shi yana amsawa da tasa yana gyara mata, suna faɗa kamar yara. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana.

Ranar da zan taho na bar masa sauran goron. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaida Zongo. Ka ce Fada ya sauka lafiya." Ina ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa na ji ta daga ciki tana cewa, "Yaya, kana so shayi?" Shi kuma ya ce, "Kawo, amma kada ka sa albasa." Ta fito ta gyara mini wuyan riga, ta ce na gode da Hausa, ni kuwa na ce mata barka da zuwa da Faransancinsu.

Sai da jirgin ƙasa ya yi nisa na sa hannu a aljihu neman gyale, na ji wani abu dunƙule a cikin hankici. Albasa ce, babba, ja, daga cikin waɗanda ta noma a bayan gidanta.

Na iso Kumasi ana shirin babbar salla. Layinmu ya yi shiru, ɗakin ƙanen babana an sa masa kwaɗo. Matata ta ga albasar ta ɗauko wuƙa, na ce ta dakata tukuna. Ranar salla na sa aka yanka ta a miyar layya, na tara yara da maƙwabtan da suka rage, na aika wa Bawa mai shayi da kwano. Alhaji Mumuni ma an kai masa, ya cinye har ya aiko a ƙara. Saboda haka in ya sake tare ku da zancen tsarabata, ku gaya masa ya riga ya ci rabonsa.